Rahoton Shekara: Inda Maganar Izinin Adana Tsofaffin Bindigogi Ta Kwana

Assalamu alaikum iyayenmu, maƙera, maharba da sauran ƴan ƙungiya na cikin Maraɗi da kewaye.

Bari in fara da tambayar da ake tare ni da ita a kasuwa da bakin masallaci: takardar izini ba ta fito ba tukuna. Dosiyenmu, wato tarin takardun neman izini, ya shiga, an ba mu shaidar karɓa, muna jira. Duk wanda ya ce muku an gama, to ya riga malam masallaci.

A taron bara mun ɗauka abu ne mai sauƙi: mu rubuta wasiƙa, mu manna tambur, mu ce kayan kakanni ne, a sa mana hannu. Da muka je, jami'in da ya karɓe mu ya saurari shugaba har ya kai aya, sannan ya ce, "Baba, a wurinku tarihi ce, a takardata bindiga ce." Da farko maganar ta yi mana ɗaci. Daga baya ni dai na ga gaskiyarsa. Dokar da ta tsara mallakar makamai a Nijar tun 1963 take, kuma izini daga ma'aikatar cikin gida yake fitowa. Dokar kare kayan tarihin ƙasa kuwa ta 1997 ce. Kayanmu sun faɗo tsakanin biyun, shi ya sa dole kowace bindiga ta amsa tambaya iri biyu: ta wa ce kuma ina take kwana, sannan mene ne shaidar tsufanta. Ga kuma halin da ake ciki a yankin Madarumfa da Gidan Rumji. A da in an ce "ƴan bindiga", ƴan gaban sarki ake nufi ranar hawan salla, hayaƙi na tashi, yara na toshe kunne. Yau kalmar ta koma ta masu satar mutane da shanu. Hukumar da ke fama da wannan ba za ta sa hannu don mun yi furfura kawai ba.

An dawo mana da dosiye na farko, kuma laifinmu ne. Mun rubuta "tsofaffin bindigogi na gado" a dunƙule, babu lissafin ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya haifi aikin da ya cinye mana shekara, wato rajista.

Daga bayan ƙaramar salla zuwa faɗuwar damina, kwamitin rajista ya bi gidajen ƴan ƙungiya a Maraɗi, Tibiri da Tasawa. Kowace bindiga an auna tsawonta da faɗin bakinta, an ɗauki hotonta gaba da baya, an rubuta sunan mai ita da yadda ta zo hannunsa. Akasarinsu bindigogin toka ne da ake ɗurawa ta baki, masu tashi da tartsatsin dutsen ƙanƙara da masu tashi da ƴar hular da ake sarawa, kuma ba su da lamba. Wasu maƙeran gida ne suka ƙera, wasu bakin na Turai ne, kotar kuwa an sake ta a nan ya fi sau ɗaya. Mun ɗaura wa kowace ƴar farantin tagulla mai lambar ƙungiya. Ba mu yarda a buga lamba a jikin ƙarfen ba, don abin da aka sassaƙa ba ya gyaruwa.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wani dattijonmu ya fito da tasa daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zane, layu uku ɗaure a kotarta, fatar duk ta bushe ta yi baƙi. Ya ce rabon da a taɓa ta tun rasuwar mahaifinsa. Jikokinsa sun kewaye mu suna son su riƙa. Babban maƙerinmu ya zura sandar ɗuri a bakinta, ya sa yatsa inda ta tsaya, ya zaro ya gwada a waje. Saura kusan yatsa huɗu ba ta kai ƙasa ba. Ya ɗago a hankali ya ce, "Alhaji, a fitar da yaran nan." A ɗure take. Albarushi in bai sha ruwa ba yana iya tashi ko bayan shekaru masu yawa. Aka jingina ta bakin sama, aka cika ta da ruwa ta kwana, washegari aka kwashe abin da ke ciki: albarushi, tsumma, da guntayen ƙarfe. Tun ranar muka sa doka, ba a ɗaukar hoto sai an gwada da sanda.

Wajen rubuta tarihi ne muka fi samun saɓani, kuma a nan zan faɗi ra'ayina. Kusan kowa yana son tasa ta zama ta zamanin Ɗan Kasawa, sarkin Maraɗi na farko, ko ta fita yaƙi tare da Sarki Ɗan Baskore. Ba na ƙaryata kowa. Bindiga ta shigo ƙasar nan ta hamada daga Tarabulus, ta kuma hauro daga bakin teku, kuma an san Sarkin Damagaram Tanimun ya tara su da yawa har aka ƙera masa igwa a Zinder. Amma bayan yarjejeniyar Burussel ta 1890, da Turawa suka taƙaita shigo da bindigogin zamani, masu ƙanƙara aka ci gaba da sayarwa, shi ya sa ƙirar ta daɗe ba ta canja ba. Bindiga na iya kama da ta kaka na huɗu alhali ta zamanin Faransa ce. Sannan ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon garin Maraɗi a kwari ta sa aka hauro tudu, ta tafi da kayan gidaje da dama. A rajista mun ware wuri biyu: abin da ido ya gani a jikin bindiga, da abin da iyali suka ce. Wasu sun ji haushi. Amma ƙarya ɗaya in an kama ta a dosiye, sauran gaskiyar ma ta zama abin zargi.

Bindigogin sojan Faransa irin Gras ƙirar 1874, masu lamba da sunan masana'anta a jiki, mun ware su. Ta baya ake sa musu harsashi, don haka ba a kallonsu kamar na toka. An ba mu shawarar kowane mai irinta ya bayyana ta ga hukuma da sunansa, kuma kwamiti ya raka waɗanda abin ya shafa.

Ɗakin ajiya: mun samu ɗaki a gidan wani uban ƙungiya, an sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji. Jami'ai sun zo sun duba, sun ce a sa wa taga ƙarfe. An sa. Babu albarushi ko ƙwaya ɗaya a ciki, kuma ba za a taɓa sawa ba.

Maganar da ba mu kashe ba ita ce ta toshe kafar wuta, wato ƴar hudar da wuta ke bi ta kai ga albarushi, don bindiga ta daina tashi. Matasa suna ganin hakan zai sauƙaƙa izini. Maharba sun ce bindigar da aka toshe sanda ce. Ni ina tare da a toshe da abin da za a iya cirewa, in hukuma ta amince, amma taro ne zai yanke. Ziyarar da muka shirya zuwa gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, don mu ga yadda suke hana tsatsa da gara, ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota. Lissafin shiga da fita ma'aji zai karanta da bakinsa. Abin da zan ce kawai, masu bashin kuɗin wata sun san kansu.

Mun yi rashin dattawa biyu a bana, ɗaya kafin mu kai ga naɗar labarin bindigarsa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Kafin takarda ta fito: kada a sayi bindiga, kada a sayar, kada a ɗauke ta daga inda aka yi mata rajista, kada a buga ta a biki ko suna da sunan ƙungiya. Wanda dillali ya zo masa da "tsohuwar bindiga" ya sanar da shugaba a ranar. Masu sunaye a dosiye da ba su kawo takardar zama ɗan ƙasa, kaziye (takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum) da hoto ba, su zo da su taron da za a yi bayan babbar salla. A lura, kaziye wata uku yake yi ya mutu, kada a karɓo shi tun yanzu.

Wassalam,
Magatakardan ƙungiya