Zanen da ke goshin jiragen yaƙi

Edita, ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan hotunan jiragen Yaƙin Duniya na Biyu da kuka buga kwanan baya. Fentin manyan motoci ne sana'ata a wani ƙauye kusa da Wudil, shi ya sa zanen ya fi ɗaukar hankalina.

Wanda ya yi wa jirgin jefa bam na Amurka, ƙirar B-17, mai suna Memphis Belle zane ya san hannunsa. Matuƙin, Robert Morgan, saboda budurwarsa 'yar garin Memphis ya raɗa sunan. Aka zana mace kusa da tagar matuƙi, hoton da dai ba na nuna wa yara ba ne, sannan duk fitar da suka yi suka dawo da rai sai a ƙara ɗan bam ɗaya da fenti, a jere. Mutum 10 ne a ciki. A watan Mayun 1943 lissafinsu ya cika 25, adadin da ake sallamar mutum ya koma gida. Na gane abin da ke ransu. Direban da zai kama hanyar Legas ya ce in rubuta masa "Allah Ya kiyaye" a goshin mota ba ado yake nema ba, fargaba ce yake rage wa kansa.

Amma jirgin da ake kira Enola Gay ya tsaya mini a rai. Matuƙinsa, Paul Tibbets, ya sa aka rubuta sunan mahaifiyarsa, Enola Gay, a jikin wannan jirgi ƙirar B-29 da ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, wanda ya ci rayuka kusan 140,000 kafin shekarar ta ƙare. Mu da ko a baki muke jin nauyin kama sunan uwa! Wallahi ko nawa za a biya ni, burushina ba zai taɓa wannan aiki ba.

Ga roƙona. A lokacin yaƙin, jiragen Ingila da Amurka sun riƙa tasowa daga Takoradi ta ƙasar Ghana suna yada zango a Kano da Maiduguri kan hanyarsu ta Masar. Ku tura wakili wajen dattawan Fagge da suka ga zamanin, ya tambaye su abin da suka gani a jikin jiragen, don dattawan ba su da yawa yanzu.

Mai fentin motoci, Wudil, Jihar Kano