A shata wa masu keke hanyar zagaye a tsaunukan Mambila

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin hukumomin wasanni da na yawon buɗe ido kan wani al'amari da muke yawan tattaunawa, mu da muke fita da keke bayan sallar asuba a nan Sakkwato.

A watan Satumba na 2025 birnin Kigali na ƙasar Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar tseren keke a kan titi ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Tun kafin wannan gasa, Ruwanda ta riga ta yi suna a wurin masu yawon keke saboda wani zagaye mai wuyar gaske, wanda ke tashi daga Kigali ya nufi Musanze a gindin duwatsu masu aman wuta, inda dutsen Karisimbi ya kai mita 4,507, sannan ya gangara zuwa Rubavu a bakin tafkin Kivu. Daga nan hanyar da ake kira Congo Nile Trail ke bin gaɓar tafkin har tsawon kilomita 227 zuwa Rusizi, ta cikin gonakin ayaba da gahawa da ganyen shayi, kafin matafiyi ya juya gabas ya ratsa kurmin Nyungwe, wanda titinsa ke haurawa kusan mita 2,500, ya ɓulla Huye ya koma inda ya faro.

Wahalar hanyar ita ce farin jininta. Da wuya mutum ya samu shimfiɗaɗɗen wuri ya huta, domin yana gama hawa sai gangara, yana kaiwa ƙasa sai wani hawan. Idan aka yi ruwa, jan laka kan liƙe wa taya da sarƙa har sai mahayi ya sauka ya nemi tsinke ya sassaƙe ta, a doguwar gangara kuma yatsu kan sage saboda riƙon birki. Duk da haka baƙi na zuwa, saboda an shata hanyar, ana samun masauki da abinci a garuruwan da take ratsawa, kuma mai keke na kwana da kwanciyar hankali.

A ganina, ba mu da hujjar zama 'yan kallo. Jihar Taraba na da tsaunukan Mambila, masu tsawon kimanin mita 1,600, kuma duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Serti ya haura ta Mayo Selbe zuwa Maisamari da Nguroje har Gembu ya san cewa kwane-kwanen wannan hawa sun isa su gwada ƙarfin kowane mahayi. A can akwai gonakin shayi na Kakara da kurmin Ngel Nyaki, ga gandun dajin Gashaka Gumti wanda ya fi kowane girma a Najeriya, ga dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419 da babu kamarsa a ƙasar nan. Ko ta fuskar ruwa, jihar na da madatsar Kashimbila. Abin da ya rage shi ne hukuma ta auna hanya, ta kafa alamun nisa da na wuraren shan ruwa, ta horar da masu faci su iya gyaran keke mai giya, ta kuma yi shawara da sarakuna da makiyaya da manoman yankin, domin ta ƙofar gidajensu za a wuce kuma su ya kamata su fara cin moriyar abin. Maganar tsaro ita ce kan gaba, domin babu uban da zai bar ɗansa ya shiga daji a kan keke alhali zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Mu 'yan Sakkwato muna da namu aikin. Matasanmu sun saba da zafin bazara da ke wuce digiri 40, sun saba da ƙurar hunturu, amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ƙafar da ba ta san hawa ba za ta gaza tun a rana ta farko. Saboda haka ina kira ga hukumar wasanni ta jiha da ta samar wa ƙungiyoyin masu keke kekuna masu giya da hulunan kwano, ta riƙa kai zaratansu atisaye Jos ko Mambila ko da sau ɗaya a shekara, sannan idan tsaro ya inganta ta shata mana ƙaramin zagaye na gida da zai bi ta tafkin Kware da Wurno zuwa madatsar Goronyo.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai sha'awar hawan keke,
Sakkwato.