Godiya ga mai shagon aski na bakin kasuwar Tawa

Assalamu alaikum Malam, da kai da yaran shagonka.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a fili ne don mutanen Tawa su ji abin da muka daɗe muna yabawa a zaure. Mazan gidanmu, tun daga mahaifina har autana, a hannunka suke aski, kuma ba ka taɓa yi wa ɗayansu abin da bai dace da shekarunsa ba.

Babbar godiyata a kan babban ɗana ce, wanda yake kwaleji. Kowa ya san yadda yankinmu na Adar yake: samari su tafi biɗa Abijan ko Libiya, su dawo gab da salla da sabon aski, ƙannensu kuma su ce sai irinsa. Haka ya zo maka da hoton wani ɗan ƙwallo a waya, an kwashe gefe tas, an bar tsiri a tsakiya, an tsaga layi. Da wani ne, ko ya yi masa ya karɓi kuɗinsa, ko ya kore shi da faɗa a gaban mutane. Kai kuwa zaunar da shi ka yi, ka tambaye shi ko lakwal ɗinsu za ta bar shi ya shiga aji da wannan kai. Ka tuna masa hadisin Ibn Umar da ya hana ƙaza'i, wato a aske wani sashe na kai a bar wani, ba tare da ka mai da shagon wurin wa'azi ba. Sannan ka yi masa saisaye mai kyau, ka rage gefen kaɗan, ka fitar masa da goshi da ƙeya. Ya fito yana duba madubi yana murmushi, ni ma ban ji kunyar tafiya masallaci da shi ba. A ganina saurayi yana da haƙƙin ya yi ado. Iyayenmu ma an bar musu zanko da tukku suna yara. Abin da yake bukata shi ne babba mai jan hankalinsa ba tare da ya kunyata shi ba, kuma ya samu a wurinka.

Autan kuwa, kai ka fara ganin makero a kansa. Ka ce a yi masa ƙwal kwabo don magani ya kama fata, a kai shi likita, kada a tsaya shafe-shafe a gida. Ka kuma ba mu shawarar a riƙa rage wa ƙananan yara suma sosai a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, saboda zufa da ƙura.

Dole in yabi tsabtarku. Kowane kai da sabuwar rezarsa, a gaban mutum ake ɓare ta, injin kuma sai an goge shi da magani kafin ya taɓa wani. Wanda ya san ana iya ɗaukar ciwon hanta ta reza ɗaya ba zai raina wannan ba. Ni kaina, tun da ka daina kankare mini wuya ƙwarai, ƙurajen aski suka rabu da ni.

Baba ya tashi ne a hannun wanzamai, masu zabira da aska, kuma ya daɗe yana cewa inji ba aski ba ne. Yanzu da ƙafa ta yi masa nauyi, kai kake zuwa har gida ranar Juma'a da safe, ka durƙusa ka gaishe shi, ka aske kan tas yadda hula da rawani za su zauna, ka rage gashin baki, ka daidaita gemu. Ba ka taɓa ce masa a rina furfura ba.

Na kuma lura ko a jajibirin salla, da layi ke kaiwa bakin titi, ba ka ƙara ko dala a kan kuɗin aski.

Roƙona ɗaya, ka koya wa yaran da ke hannunka yadda ake magana da wanda ya zo aski kamar yadda kake koya musu riƙon inji. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ƙara kasuwa, ya raya zuri'a.

Wassalam,
Wani magidanci daga unguwar Bilbis, Tawa