A mayar da Gidan Madaki gidan tarihi, amma da ƙasa za a gyara shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, hedikwatar ƙaramar hukumar Ganjuwa a jihar Bauchi. Shahararren maginin nan Babban Gwani ne ya gina shi wajen 1860, kuma tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Kirana ga masarautar Bauchi da 'yan asalin garin shi ne a haɗa hannu a gyara shi, a buɗe wani sashe ya zama gidan tarihin garin.

Ba sabon abu ba ne. A Argungu, fadar da aka gina a 1831 sarakunan Kabi sun zauna a ciki har 1942, sannan a 1958 aka mayar da ita Gidan Tarihin Kanta. Yau duk wanda ya je bikin kamun kifi sai ya leƙa ya ga sulke da masu da tambura.

Sai dai abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron irin gyaran da muka saba. A garinmu akwai wani tsohon soro da aka ba ɗan kwangila. Ya zo ya lafta wa bangon siminti, ya ɗora kwano, ya shafa fenti, aka yi ta sambarka. Damina kaɗan bayan nan, in ka ƙwanƙwasa bangon sai ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Danshi ya shiga ta ƙasa, siminti ya hana shi fita, tubalin ya ruɓe a ciki ba wanda ya sani, har ran da gefe guda ya zube da azararsa.

Bangon ƙasa numfashi yake yi. Abin da yake so shi ne yaɓe kafin ruwan fari, a gyara indararo kada ruwa ya kwanta a kan soro, a canja azarar da gara ta taɓa da ta giginya. Ga makuba ta ɓawon ɗorawa, ga laso da ake haɗawa da katsi na marina da gashin akuya da dafara. Masu sanin wannan aiki suna nan, tsufa kawai suke yi, 'ya'yansu kuwa sun koma bulo. A nemo Sarkin Magina da mutanensa, injiniya ya tsaya a gefensu, kuma a sa matasa su yi cuɗin ƙasa tare da su don su ga yadda ake ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro.

Kayan da za a zuba ciki ma ba sai an je nesa ba. Tsoffin sirada, allunan zayyana, tasoshin jere, masaƙa, wasiƙun ajami, duk suna jibge a ɗakunan mutane. A karɓe su aro, a rubuta sunan gidan da kowanne ya fito, da boko da ajami. Zuri'ar Madaki kuma a bar musu wurin zamansu da ta cewa, domin gidansu ne. Kuɗin shiga ya zama daidai aljihun ɗan firamare, a ware shi don yaɓen shekara.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karatu daga Bauchi