Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kolon ta Jamus Kan Motar da Ya Saya

Aboabo, Kumasi

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mu ma nan muna lafiya, sai gwiwar mahaifiyarka da ke tashi in damina ta kankama. Ƙaninka ne yake rubuta wannan wasiƙa ina faɗa masa, domin duk lokacin da na kira ka sai ka ce "Baba, kada ka damu" ka kawo wata hira, har mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta ta har ƙarshe.

Ba daga bakinka na ji labarin motar ba. Yayarka ce ta ga bidiyon a waya ta nuna wa mahaifiyarku, ita kuma ta kwana uku da maganar a cikinta kafin ta faɗa mini. Na karɓi wayar na duba da kyau, na ga Porsche Boxster, na kuma ga hular kwano a kan kujerar gefe, kuma hular ce ta sa na tsare ƙaninka har ya gaya mini sauran: ƙirar 1999 ce, ka same ta da araha, kuma kana da niyyar kai ta filin tseren Nurburgring sau ɗaya ko biyu a shekara.

Ba zan ce maka motar banza ka saya ba, domin ƙarya zan yi. Na haura shekara arba'in ina aikin kanikanci a Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi, kuma a cikin motocin da 'yan boga, mutanenmu mazauna Turai, suke saukewa daga tashar jirgin ruwa ta Tema, irin wannan guda uku sun bi ta hannuna. Mota ce mai daɗin sitiyari, tana kama ƙasa a kwana yadda sai wanda ya tuƙa ta zai gane. Amma ta haura shekara 25 a duniya, kuma wannan "sau ɗaya ko biyu" da kake kwantar wa mutane hankali da shi, ni shi ya fi tayar mini da hankali. Motar da ke kwana a gareji wata da watanni, robobinta suna bushewa, mayukanta suna tsufa a wuri ɗaya, sannan rana ɗaya a fito da ita a danne totur har ƙasa, a nemi ta yi abin da ko tana sabuwa sai ta yi gumi. Zagaye kaɗan a filin tsere yana gasa mota fiye da tafiyar Kumasi zuwa Tamale. Takardar TÜV da ake sabuntawa duk shekara biyu kuwa shaida ce cewa motar ta dace da titi. Wanda ya ba ka ita ya gwada birkin ne na ɗan lokaci yana da sanyi, bai gwada shi bayan an sha kwanonin hanya talatin a jere ba.

Injin wannan mota yana tsakiya, bayan kujeru, fistin uku ta dama uku ta hagu, kuma yana da wani rauni da duk wanda ya taɓa buɗe shi ya sani. Akwai sandan ƙarfe a cikinsa da ke karɓar juyi daga karanshaf ya miƙa wa sarƙoƙin da ke sa bawul su buɗe su rufe, a ƙarshen sandan kuma akwai wani ɗan boris da ake kira IMS, wanda aka rufe shi da girisinsa tun daga masana'anta. In ya tsufa girisin ya wanke, sai ya riƙa cin kansa a hankali, ranar da ya watse kuwa lokacin inji ya rikice, fistin ya haɗu da bawul, injin ya buga gaba ɗaya, kuma gyaransa yana iya kai kuɗin da ka sayi motar. Ba kowace ce take yin haka ba, amma ba ka da hanyar sanin taka sai an duba. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko an taɓa canza shi, ya nuna maka rasit. In babu, ka sa a ciro filtar mai a buɗe takardarta a ƙarƙashin haske a ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe mai ƙyalli, sannan ranar da za a canza kulochi a canza shi tare, tunda dole sai an sauke giya kafin a kai gare shi.

Akwai kuma maganar baƙin mai. A doguwar kwana mai gudu, mai yana tafiya gefe ɗaya kamar ruwa a daro in mai ɗauke da shi ya juya da sauri, sai famfo ya zuƙi iska maimakon mai, kuma daƙiƙa kaɗan na haka sun isa su ci ƙarfen inji. A titi ba ka daɗewa a kwana da irin wannan gudu, shi ya sa mai motar na baya zai rantse maka ba ta taɓa ba shi matsala ba, kuma gaskiya ya faɗa. Masu kai irinta fili suna sa mata kaskon mai mai zurfi da shinge a ciki. Lagiretonta biyu ne a gaba, bayan bamba, inda ganye da datti suke taruwa su riƙe danshi har su ci su. Tankin ruwanta na roba ne, yana cikin but ɗin baya, ka ɗaga shimfiɗar ka taɓa da hannu ka ji ko da laima. Famfon ruwan ma fukafukansa na roba ne. Taya kuwa ka duba lamba huɗu da ke jikinta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kada zanen da bai cinye ba ya ruɗe ka in ta haura shekara shida.

Duk waɗannan, in Allah ya taƙaita, aljihunka ne zai ji jiki. Abin da ya hana ni barci tun ranar da na ga bidiyon nan shi ne birki.

Man birki yana shan ruwa daga iska, ko ana tuƙa mota ko tana ajiye. Irin wanda aka rubuta wa DOT 4, in sabo ne daga gwangwani, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari, sai ya sauko wajen digiri 155. A cikin gari ba za ka taɓa kai shi can ba, sai ka shekara biyar da man da ya lalace kana jin birki daram. A fili kuwa kana taka shi da ƙarfi a bakin kowace kwana, faifan yana yin zafin da ya kai ɗaruruwan digiri, zafin ya ratsa ya kai ga man, ruwan da ke ciki ya zama tururi. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka yake tura birki. Tururi yana matsuwa. Sai ka taka, ƙafarka ta tafi har ƙasa, motar ta ci gaba da tafiyarta kamar ba ka taɓa komai ba.

Ka san ƙafar kawunka, ka kuma san ba a tayar da maganar a gidan nan. Yau zan faɗa maka rabona a ciki. Muna dawowa ne daga Ejura da lodin masara a Fijo akori-kura, a shekarar da aka haifi yayarka, ni ke tuƙi yana gefena. Kwana biyu kafin tafiyar ni da hannuna na canza wa motar takalman birki, na buɗe murfin man na ga a cike yake, ya yi duhu kamar shayin da ya kwana, na mayar da murfin na rufe. Da muka fara saukowa gangaren Mampong wajen Jamasi ina ta riƙe ta da birki saboda nauyi, sai na fara jin ƙauri, a kwana ta gaba na taka na ji kamar na taka auduga. Na sake takawa, na sake, ƙarfen yana buga ƙasan mota. Ina jin kawunka yana salati da ƙarfi. Na nemi giya ta ƙi shiga, na ja birkin hannu, daga ƙarshe na karkata ta na goga ta da dutse, kuma gefensa ne ya daki dutsen. Washegari da aka janyo motar zuwa Magazin na shiga na taka birkin, ya tsaya kyam, domin ya huce. Duk wanda ya gwada ya ce lafiyarsa ƙalau, mutane suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce hannu aka sa mana. Ƙaddara ce, ban musa ba, amma ni kaɗai na san kalar man da na gani na rufe, kuma kuɗinsa a lokacin bai kai na buhun masara ɗaya daga cikin waɗanda suka zube a kwalta ba.

To yanzu ka gane dalilin da ya sa na yi maka abin da na yi ranar da ka ɗauki makulli kana ɗan sakandare, da dalilin da ya sa na hana ka zama a gareji na tura ka makaranta, abin da na san har yau kana riƙe da shi. Ban yi nadama ba. Na sayar da filin Asawase a kanka ban yi nadama ba. Amma ban yi haka don ka je Jamus ka ɗauki tsohuwar mota ka kai ta wurin da manyan direbobin duniya suka guje shi ba. Ina yaron gareji a 1976 aka yi ta maganar direban tsere Niki Lauda da motarsa ta kama da wuta a wannan fili ya ƙone a fuska, kuma daga wannan shekara tseren Formula 1 bai sake komawa tsohuwar hanyar ba. Ƙaninka ya nuna mini ita daga farko har ƙarshe: kilomita 20.8 cikin daji, hawa da gangara, kwanonin da ba ka ganin bayansu, shingen ƙarfe dab da kwalta. In birki ya tafi a can, ina za ka kai motar? Kuma a ranakun da ake buɗe wa jama'a kowa yana ciki, wanda ya iya da wanda bai iya ba. In tiyonka ya fashe ka zubar da ruwa ko mai na bayanka ya zame, alhakinsa yana wuyanka a gaban hukuma da gaban Allah. Shingen da ka bankaɗe ma kai za ka biya, kuma inshora da yawa ba sa ɗaukar abin da ya faru a can.

Kana da 'yar da ko yaye ta ba a yi ba. Matarka 'yar mutane ce, mu muka je har Nima muka roƙo ta, ka kai ta ƙasar da ba ta da uwa ba ta da uba sai kai. Ka yi tunanin wa zai buga wa mahaifiyarka waya, da wane baki? Sannan abin da ya fi yi mini ciwo, kana da uban da ya tsufa a ƙarƙashin mota, hannunsa har yau bai rabu da baƙin mai ba, amma ka gwammace ka nemi shawarar abokai da bidiyo, ka kuma ja wa ƙaninka kunne kada in ji. Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce.

Ƙaninka ya ɗago ya ce in sassauta, na ce ya bar shi yadda na faɗa. Amma ka sani ban rubuto don in hana ka ba. Kai magidanci ne, guminka ne, kuma son inji daga wurina ka ɗauko shi, tun kana ɗan shekara biyar kana miƙo mini sifana kana faɗin lambarta. Na kuma yarda cewa wanda ya kai gudunsa fili ya fi wanda yake yin sa a titi cikin jama'a. Abin da nake nema shi ne ka yi abin a kan ƙa'ida, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin ka je, a zuƙe tsohon man birkin gaba ɗaya ta ƙafa huɗu, kana tsaye kana kallo har sai ka ga mai fari tas yana fitowa, a zuba irin mai jure zafi daga gwangwanin da aka fasa a gabanka. Ƙarawa a kan tsoho ba canji ba ne. Wanda ke tuƙin gari yana canzawa duk shekara biyu, kai kuwa kada ka shiga fili da man da ya wuce 'yan watanni. A canza tiyon roba huɗu da ke kai man ga ƙafafu, domin in sun tsufa suna kumbura in sun ji zafi. Fad ɗin birkin su zama masu kauri, irin na zafi, a kuma duba faifan ko ya fara tsagewa. Ka fara da sabuwar hanyar da aka buɗe a gefen tsohuwar a 1984, wadda take da fili da tsakuwa a bakin kwanoni, kuma malami yana zaune a gefenka. Kada ka wuce zagaye kaɗan ba ka huta ba, na ƙarshe ka yi shi a hankali iska ta ratsa birkin, in ka tsaya kada ka ja birkin hannu, ka bar ta a giya. Ranar da ka ji ƙafarka ta nutse ko da kaɗan fiye da yadda ta saba, ka fita nan take, kada ka ce bari in ƙarasa wannan zagayen, kuma kada ka yarda da shi don ya dawo daidai bayan ya huce. Ka rubuta wa kamfanin inshorarka su ba ka amsa a rubuce. Ka kuma gaya wa matarka ranar da wurin, kada ta ji a waya kamar yadda muka ji.

Ka turo mini hoton gwangwanin man da hoton tsohon da aka zuƙe a cikin kwalba, ina son in ga kalarsa da idona. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka ɗora wayar kusa da injin ka tayar da shi yana da sanyi in saurara. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan takwararta. Kawunka ma yana gaishe ka, ban gaya masa komai ba. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka