Ƙorafi Kan Tsohon Littafin Tolstoy Da Kuka Sayar Mana

Zuwa ga Manaja,
Sashen Tsofaffin Littattafai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, mun rubuto ne kan ɗan littafin Leo Tolstoy, Chem Lyudi Zhivy, labarin Semyon mai ɗinkin takalma da ya tsinci baƙo tsirara cikin sanyi, ya tuɓe rigarsa ya yafa masa, matarsa Matryona kuma ta ba shi ɗan burodin da ya rage musu. A tallarku kun ce bugun zamanin sarakunan Rasha ne, cikakke, ba a taɓa gyara shi ba. Duka ukun babu na gaskiya.

Labarin ya fara fitowa a 1881. Littafin Rashanci da aka buga kafin gyaran ƙa'idojin rubutu na 1918 ba ya ɓuya: akwai harafin ѣ da і, akwai kuma ъ a ƙarshen duk kalmar da ta ƙare da harafin baƙi. Mun bi naku shafi bayan shafi, babu ѣ ko guda, babu ъ a ƙarshen kalma. Bugun bayan 1918 ne, wato bayan zamanin sarakuna, kuka sa masa kuɗin na da.

Ba cikakke ba ne kuma. Daga shafi na 16 sai na 33. Ɗaurin shafuka na biyu, shafuka 16 cur, ya fita, ga zaren ɗinkin nan yana reto a tsakiya. Abin takaici, a nan ne attajiri yake ba da aikin takalman da za su yi shekara, baƙon nan Mikhail ya ɗinka masa na gawa. Ba tare da wannan ba, ƙarshen labarin ba ya fahimtuwa.

Yagar shafin farko kuwa, da salatif aka liƙe ta. Danƙonsa ya ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Irin wannan yaga, siririyar takardar Japan ake ɗora mata da gam na sitacin alkama, domin ana iya cire shi da ɗan danshi. Sannan kuka naɗe littafin a leda da laimarsa, babu kwali, ya iso yana warin fumfuna.

Muna neman ku mayar mana da kuɗinmu har da na aikowa, ku ɗauki nauyin komawar littafin, ku gyara tallar. Nan gaba ku riƙa ƙirga shafuka, ku sa hoton shafin farko da na ƙarshe kafin ku yanka farashi.

Naku,
Masu kula da tsofaffin littattafai na ɗakin karatunmu.