Zuwa ga masu kawo mana aikin mujallar ƙungiya

Assalamu alaikum, iyayenmu, malamanmu da ƴan uwa.

Mun ji maganganun da ake yi, wai aiki yana daɗewa a shagonmu, wai kuɗin shirya shafi ya hau. Ba mu musa ba, amma a ji ta bakinmu. Takardar da muke bugu da ita daga Kano take zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma tun rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 farashinta bai koma inda yake ba. Mai kawo mana ita yanzu sai an biya shi kafin ya ɗora kaya. Wuta ta ɗauke, a tada gurup, wato janareta, shi kuma ba ruwa yake sha ba. Awa ukun da za mu yi muna gyaran fayil guda, isansi, wato man fetur, ne ke ƙonewa. Wanda ya ce wani wuri ya fi araha, ya duba nauyin takardar da aka ba shi tukuna.

Abin da ya fi cin lokacin shi ne mujallar da aka shirya a Word. A kwamfutarku tana zaune daidai, da an buɗe a tamu hoto ya zame, shafi huɗu ya koma biyar. Word na rubuta wasiƙa ne. Shi ya sa muke roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su fara koyon manhajar tsara shafi. InDesign sai da biyan kuɗi a kai a kai, amma Scribus kyauta ce, tana da Faransanci, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta.

Kafin ku rubuta ko harafi, ku tsai da girman shafi: A4, wato milimita 210 da 297. Mu a kan A3 muke bugawa mu ninke biyu, kowace takarda ta ba da shafi huɗu. Don haka mujalla ta zama shafi 4, 8 ko 12. Mai shafi shida ko dai ya ƙara biyu, ko ya biya kuɗin farar takarda. Kada ku wahalar da kanku wajen jera shafi na 8 kusa da na 1, wannan aikinmu ne. Ku bi su a jere. Ku bar gefe milimita 12 zuwa 15, ku raba shafi ginshiƙi biyu ko uku da tazarar milimita 5. Hoto ko launin da zai kai bakin takarda ya zarce da milimita 3, domin wuƙar yanka ba ta sauka wuri ɗaya kullum, in babu rarar sai farin zare ya fito a gefe.

A Scribus komai cikin akwati yake zama. Harafin T na buɗe akwatin rubutu, I na hoto. Labarin da ya fi akwatinsa, za ku ga ɗan alamar X a kusurwar ƙasa ta dama, ma'ana akwai sauran rubutu a ɓoye. Ku zana wani akwatin, ku danna na farko, ku latsa N, sannan ku danna na biyun, rubutun zai gangara da kansa. Sunan mujalla da lambar shafi a sa su sau ɗaya a shafin tushe, wato shafin da abin da aka sa a kansa ke fitowa a sauran shafuka. Girman rubutu 10 ko 11 ya isa, nau'in harafi biyu kawai.

Sai batun ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Ba kowane nau'in harafi ke da su ba, inda babu sai gurbi ya fito, «ƙasa» ta koma «asa». Charis SIL, Andika da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ne.

Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an riga an matse shi. A waya fes, a takarda fuskar shugaban ƙungiya ta dushe. Ku turo shi a matsayin fayil. Bugu na son 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ke nan hoto mai faɗin santimita 10 ya kai kusan fiksel 1200. Kuma Scribus ba ta haɗiye hoto cikin fayil ɗinta, hanyarsa kawai take riƙewa, saboda haka wanda ya kawo fayil ɗin shi kaɗai a kile (USB), akwatuna babu komai ya kawo. Ku fitar da PDF tare da haruffan a ciki, shi za ku kawo.

Mu ma muna duba yadda za a sassauta, za ku ji daga gare mu in Allah ya so.

Malaman islamiyyoyin unguwannin Zariya da Sabon Gari na Maraɗi da muke buga wa sakamako tun shagon yana ɗaki guda, iyayenmu mata masu adashi na Tibiri, da manoman Madarunfa da ba su taɓa kai aikinsu wani wuri ba, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Wanda ya maƙale a Scribus ya zo da kwamfutarsa bayan la'asar, lokacin injin ya huta.

Naku,
Ma'aikatan shagon